Ƙafafun Auta sun yi baka, Hajiya ta ce a kai shi wurin mai ɗori

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga Funtuwa. Autana shekararsa 3 da wata 4, kuma tun da ya fara tafiya ƙafafunsa suka yi baka. Na yi ta zuba ido ko za su miƙe, har yau shiru, a ganina ma abin ƙaruwa yake yi. In yana tafiya rangaji yake yi kamar agwagwa, ba ya nisa sai ya tsuguna ya ce a ɗauke shi. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce laifina ne, wai na cika goya shi kuma na tsayar da shi da wuri. Wani lokacin kuma ta ce babansa ma haka ya yi yana yaro, ya miƙe da kansa. Yanzu dai ta yanke cewa bayan salla za a kai shi wurin wani mai ɗori a ƙauyensu a ɗaure ƙafafun da kara. Maigidana ba ya iya musa mata, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Ga yayarsa mai shekara 11, sikila ce, kusan wata biyu ke nan tana ɗan ɗingishi tana cewa gwiwarta ta hagu, amma wannan na san ciwonsu ne, ina sayo mata magani a kemis. Na Auta ne ya hana ni barci. Don Allah me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaran lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ido da kika sa musu. Ina da magana mai yawa a kan Auta, amma ki yi min haƙuri in fara da wadda kika bari a ƙarshen wasiƙarki. Da na zo wurin da kika ce "wannan na san ciwonsu ne" gabana ya faɗi. Na Auta zai iya jiran mako biyu ko uku a shirya tafiya a tsanake. Na yayarsa ba na son Juma'a ta zagayo ba a duba ta ba.

Ke kin fi ni sanin yadda ciwon sikila yake tashi mata. Yana zuwa da ƙarfi, ya yi 'yan kwanaki ya lafa, yau a hannu, gobe a baya. Ɗingishin wata biyu a ƙafa ɗaya, wuri ɗaya, ba ya tafiya, wannan wani abu ne daban. Kuma a jikin yara gwiwa ta sha ɗaukar laifin ƙugu. Jijiyar da ke ɗauko saƙon ciwo daga mahaɗar cinya da ƙugu ita ce ke sauka har gwiwa, shi ya sa yaro zai ɗora yatsa a gwiwa ya ce nan ne, alhali gwiwar lafiyarta ƙalau. An sha ɗaukar hoton gwiwa a ce babu komai, a koma gida, sai bayan shekara guda a gano ɓarnar a sama take.

Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune a gurbinsa kamar kan taɓarya a cikin turmi. Hanyoyin jinin da ke ciyar da shi ƙanana ne, ba su kuma da yawa. In ƙwayoyin jinin mai sikila suka lanƙwashe kamar lauje sukan toshe irin waɗannan hanyoyin, ƙashin ya rasa jini, wani sashensa ya mutu ya yi laushi. Aka ci gaba da ɗora masa nauyi a haka, sai ya lotsa kamar kwanon silba da aka taka, kuma kan da ya lotsa da wuya ya koma mulmulalle. Ba masu sikila kaɗai ba, akwai yara lafiyayyu 'yan shekara 4 zuwa 8, galibi maza, da jini ke yanke wa kan ƙashinsu haka kawai. Akwai kuma masu shirin balaga, musamman masu jiki, da kan ƙashin ke zamewa daga mazauninsa. Sau da yawa da ɗingishi da kukan gwiwa suke farawa, dukkansu kuma hoton ƙugu ne ke tona su.

Yau ɗin nan ki lura da zamanta. Tana iya harɗe ƙafa a tabarma kamar da? Zaman tahiya fa, ko ta fara miƙe ƙafar hagu gefe? Tsugunno yana ba ta wuya? Ki tambaye ta a hankali ko tana jin ciwo a matsematsi ko a ɗuwawu, domin yarinya mai shekara 11 kunya za ta hana ta faɗar wurin da kanta. Ko me kika gani, ki kai ta asibitin da take zuwa ganin likitan sikila, ki buɗe baki ki ce ƙugu kike so a duba. A ɗauki hoton ƙugun duka biyun, hoto ɗaya ƙafafu a miƙe, ɗaya kuma ƙafafu a ware kamar kwaɗo in likita ya ga babu haɗari. In hoton ya fito fes amma ciwo bai daina ba, kada ki saki jiki, ɓarnar farko ba ta cika fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum ba, sai a na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla. Kafin ranar, a sauke mata duk wani nauyi. Ba ɗebo ruwa, ba goyon ƙani, ba tsallen igiya ko 'yar gala-gala, ba doguwar tafiya zuwa makaranta a ƙasa. In likita ya ba ta sandunan dogarawa ta riƙe su, ko da ƙawaye za su yi magana.

Maganin kemis kuwa ki dakatar da shi har likita ya gani. Haɗin da ake ƙullawa a leda sau da yawa akwai maganin nan da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, wanda za ki ga an rubuta dexamethasone ko prednisolone a kwalinsa. Yana kwantar da ciwo nan take, amma shi kansa yana cikin abubuwan da ke kashe kan ƙashin cinya in an daɗe ana sha. Magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi su ma in aka mai da su abincin kullum suna taɓa ƙoda da ciki, ƙodar mai sikila kuwa da ma lallaɓa ta ake yi. Sannan ki riƙe wannan ga kowane ɗanki: duk ranar da zazzaɓi ya haɗu da ƙin taka ƙafa, yaro na ihu in an motsa cinyarsa, a daren za a tafi asibiti. Mugunya ce kan taru a cikin gaɓa, kuma cikin 'yan kwanaki take cinye ta.

To, mu dawo kan Auta. Hajiya tana da gaskiya a wani wuri, kuma ya kamata ki ba ta gaskiyarta. Kusan kowane jariri da 'yar baka ake haifarsa, saboda naɗewar da ya yi a ciki. Tana fitowa sosai lokacin da ya fara tatata, sannan ta miƙe da kanta wajen shekara ɗaya da rabi zuwa 2. Daga nan ma ƙafar kan wuce ta ɗan yi gwame, gwiwoyi na gogar juna, wajen shekara 3 zuwa 4, kafin ta daidaita wajen shekara 7. Zai yiwu abin da ta gani a ƙafar babansa ke nan, ba ƙarya ta yi ba. Sai dai Auta ya wuce shekarun da ake jira. Yaron da ya haura 3 da baka, tana ƙaruwa, ga gajiya ga rangaji, ya fita daga sahun "zai miƙe da kansa" sai an bincika.

Batun goyo kuwa, ki sauke wannan laifin daga kanki. Goyo ba ya lanƙwasa ƙashi. Zaman da jariri ke yi a bayan uwa, cinyoyi a ware gwiwoyi a sama, shi ne zaman da ke tura kan ƙashin cinya cikin gurbinsa da kyau. In an haifi jariri da gocewar ƙugu, ɗamarar da likitoci ke sa masa a irin wannan zaman take riƙe shi. Abin da ke cutar da ƙugun jariri shi ne a miƙe ƙafafunsa a haɗe a naɗe su tamau da zane.

Abin da na fi zargi, daga bayaninki, shi ne laushin ƙashin yara wanda likitoci ke kira rikets. Ban ga yaron ba, don haka ba zan yanke ba, amma ke za ki iya dubawa a wankan yamma. Ki riƙe wuyan hannunsa. In akwai ciwon za ki ji wurin ya yi kauri ya faɗaɗa, kamar an sa masa munduwa a ƙarƙashin fata, haka ma idon sawunsa. Sannan ki shafa ƙirjinsa da sabulu a hannunki, ki bi gefen ƙashin tsakiya daga sama zuwa ƙasa. Za ki iya jin ƙulli-ƙulli a jere a kan haƙarƙari kamar 'ya'yan carbi. Ki tuna baya kuma: maɗigarsa ta daɗe ba ta rufe ba? Haƙora sun yi jinkiri? Ya yi nauyin ƙafa kafin ya fara tafiya?

A ƙasashen Turawa ƙarancin hasken rana ne kan jawo wannan ciwo, domin fata da rana take haɗa bitamin D, wanda ƙashi ke buƙata don ya yi ƙarfi. Shi ya sa aka daɗe ana mamakin yawansa a ƙasar da rana ke dukan kowa. Wani bincike da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya warware mamakin. An duba yara 123 masu ciwon, aka tarar abincinsu yana ba su kimanin miligiram 200 kacal na kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, a rana, alhali yaron da ya wuce shekara ɗaya yana buƙatar sama da 500. Aka raba su, aka yi musu magani na mako 24. Waɗanda aka ba kalsiyam, ko shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa nesa ba kusa ba. Wato yaranmu yawanci yunwar kalsiyam ce ke lanƙwasa musu ƙafa, ko da cikinsu a cike yake. Ki duba abin da yaro ke ci bayan yaye a gidajenmu: koko da safe, tuwon masara da dare, taliya ko shinkafa da rana, nono sai an yi sa'a. Ga shi a dusar hatsi akwai wani sinadari da ke kama ɗan kalsiyam ɗin da ya shigo, ya hana jiki morarsa. Ƙashin da ke girma ba tare da kalsiyam ba kamar ginin da aka yi wa rowar siminti ne, da nauyi ya hau sai ya saki.

Daɗin abin shi ne yana jin magani, kuma maganin ba mai tsada ba ne. Likita zai ɗauki hoton wuyan hannu da gwiwa, ya yi gwajin jini, in ya tabbatar ya rubuta kalsiyam da bitamin D na wata 3 zuwa 6. Kada ki saya da kanki kafin a auna, bitamin D in ya yi yawa shi ma cuta ne. Abin da za ki fara ganin canji a kai shi ne ciwon da gajiyar, cikin 'yan makonni za ki ga yana bin yara da gudu. Miƙewar ƙafar ita ce mai ɗaukar lokaci, shekara ɗaya, wani lokacin biyu, amma a shekarun Auta da yawa suna miƙewa ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. Wanda tasa ta ƙi, akwai ƙaramar tiyata da ake sa ɗan ƙarfe a gefen gwiwa, ya riƙe gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ci gaba da girma har ƙafar ta daidaita, sannan a cire. Wannan dabara da girman yaro take aiki, in ya gama tsawo ta wuce shi, sai dai a yanke ƙashi a gyara.

A gida kuma tukunya ce rabin maganin. Kofi ɗaya babba na madara ko kindirmo na gaske yana ɗauke da kusan miligiram 300, kin ga in ya samu kullum an ci rabin tafiya. Ki tabbatar dai nonon dafaffe ne, kuma garin da ake aunawa a kasuwa ki tambaya, ba duk farin gari ne madara ba. Ƙananan busassun kifin nan da ake ci har ƙaya, ki daka su lukwi ki riƙa barbaɗawa a miya da faten yara, a ƙayar kalsiyam ɗin yake. Miyar kuka da zogale da riɗi duk suna taimakawa, kunun tamba ma haka, tamba ta fi sauran hatsinmu kalsiyam sosai. Hatsin kunu ki riƙa jiƙa shi ya kwana ya ɗan yi tsami kamar na gasara, hakan na rage sinadarin nan mai kamewa. Ki bar shi ya yi wasa a tsakar gida rana na taɓa hannunsa da ƙafarsa. Kuma ki duba sauran yaran gidan, tunda kwano ɗaya suke ci.

Akwai abu na biyu da likita zai so ya cire daga zargi. Wani lokacin wurin girman ƙashin ƙwauri ne, can ƙasan gwiwa ta ciki, yake danne ya ƙi girma, na waje na ci gaba, ƙafar ta yi ta karkata. An fi ganinsa a yara masu jiki da suka yi tafiya da wuri, kuma sau da yawa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Wannan ba ya jin madara. Kafin shekara 3 akan gwada takalmin ƙarfe, bayan nan tiyata ce, kuma an fi samun nasara in an yi ta kafin yaro ya wuce 4. Auta na da wata 8 kafin nan, kin ga dalilin da ya sa shi ma ba za a kai shi baɗi ba. Kafin ku tafi, ki tsayar da shi ba wando mai tsawo, idon sawu a haɗe, ki auna tazarar gwiwoyinsa da tef ɗin tela, ki ɗauki hoto da waya. In ta wuce santimita 6 ki faɗa wa likita. Ki riƙa maimaitawa duk wata a wuri ɗaya, ido yana ruɗin uwa, tef ba ya yi.

Mai ɗori kuwa, a'a, ƙanwata. A nan ba ni da sassauci. Aikinsa karaya ne, Auta kuma bai karye ba. Ƙashi mai laushi ba ya miƙewa don an matse shi daga waje, abin da matsin ke yi shi ne tare jini. Na taɓa ganin wani yaro da bai wuce shekara 6 ba, an kawo shi kwana huɗu bayan an ɗaure masa ƙafa da kara. Kakarsa ce ta goyo shi. Ta ce daren farko ya kwana yana ihu, aka ce ɗorin ne ke kamawa, a rana ta uku ya yi shiru suka ce sauƙi ya samu. Da aka kwance tsumman, yatsun sun yi baƙi sun yi sanyi, wari ya cika ɗakin. Tsohuwar nan ta zauna a ƙasa tana riƙe da takalminsa ɗaya, tana ta cewa ita gyara ta nufa. Kuma gaskiya ta faɗa, gyara ta nufa. Har yau in na ji an ce za a ɗaure ƙafar yaro, fuskarta nake gani.

Hajiya ma gyara ta nufa, kuma ta wannan ƙofar za ki shiga. Kada ki tare ta da cewa mai ɗori bai iya ba, za ta ji kamar ƙauyensu da iyayenta kika raina. Ki fara da maigidanki, ku biyu, bayan yara sun yi barci. Ki kama hannunsa ki ɗora a wuyan hannun Auta ya ji da kansa, ki nuna masa hoton da kika ɗauka. Abin da za ki roƙa ƙarami ne: kafin salla a je a ɗauki hoto a ji ta bakin likita. Ba ki ce ya saɓa wa mahaifiyarsa ba. Shi zai je mata da maganar, ba ke ba, ya ce Hajiya muna so ki raka mu, ke kika san yadda tawa ƙafar ta yi, likita zai so ya ji. Kuma da gaske likita zai tambayi tarihin gida, domin akwai nau'in laushin ƙashin da ake gado. Kakar da aka sa a gaban mota, aka nuna mata hoton ƙashin jikanta aka yi mata bayani, sau da yawa ita ce ke komawa mai tsare lokacin shan magani. In akwai wata babba da take jin maganarta, ƙanwarta ko aminiyarta, ki kai mata gaisuwa tukuna.

Daga Funtuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi muku nisa ba, akwai likitocin yara da na ƙashi. Akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda tun 1959 wannan ne aikinsa. Ku fara da babban asibitin garinku ku karɓi takardar turawa, ta fi sauƙaƙa layi. Ku tafi da katin sikilar yarinyar da duk ledojin maganin da ta sha, har na kemis ɗin, kada ki ji kunyar nunawa. In kuɗin mota bai isa a tafi da su biyu a rana ɗaya ba, a fara da yayar.

Ki rubuto min in hotunan sun fito, ina son jin abin da aka gani a ƙugunta. Ki gaishe min da Hajiya.